Tokar Bitamin E: Abin da Take Yi wa Jini Bayan Bitamin Ya Ƙone

Wanda ya tashi a gidan da ake girki da kara ko itace ya san ba a raina toka. Itace ya ci wuta ya ƙare, amma abin da ya bari a murhu yana da nasa amfanin: a tace ruwansa a ɗiga a miya madadin kanwa, a dafa sabulu da shi, a goge bayan tukunya. Aikin da toka take yi, itacen da ta fito daga jikinsa ba zai iya ba.

Wannan ne yake faɗo mini a rai duk lokacin da maganar bitamin E ta taso. Abin da aka fi saninsa da shi, wanda kuma ake rubutawa a jikin robar kafso, shi ne yana kare jiki daga ɓarnar iskar oksijin. Gaskiya ne. Sai dai yadda yake yin kariyar shi ne ya miƙa kansa a ƙone shi a madadin wani, kuma idan ya ƙone ba ɓacewa yake yi ba. Rikiɗa yake yi ya koma wani sinadari mai wata siffa da wani hali. An daɗe ba a kula wannan ragowar ba, sai da wasu masu binciken jini a Amurka suka ɗiga ta a kan ƙwayoyin da suke tsayar da zubar jini, suka tarar ta fi asalin bitamin ɗin ƙarfin kashe musu jiki, ninki biyar zuwa goma.

Kafin a kai nan, sai an san su wane ne waɗannan ƙwayoyin.

A ce kina yanka albasa wuƙa ta zame ta shafi yatsa. Jini ya ɓullo, kika danne da ɗan tsumma, bayan minti uku ko huɗu kika ɗaga, ya tsaya. Masu wannan aikin na gaggawa su ne likitoci suke kira fulatilet. Ni zan riƙa ce musu 'yan toshe, don sana'arsu ke nan. Su ma ba cikakkun ƙwayoyin halitta ba ne, gutsattsari ne da suke ɓallewa daga jikin wasu manyan ƙwayoyi a cikin ɓargo, ba su da cibiyar da ake ajiye bayanan gado. A ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba, wato maikurolita ɗaya, akwai tsakanin 150,000 zuwa 450,000. Kowanne yana yawo kwana 7 zuwa 10, sannan saifa da hanta su kwashe shi. Wani likitan Italiya, Giulio Bizzozero, shi ya bayyana aikinsu a 1882.

Muddin jijiya lafiyarta ƙalau, 'yan toshe wucewa kawai suke yi, sumul, kamar ƙananan faifai. Da zarar ta yage, zaren kolajin da yake kwance a bayan bangonta ya fito fili, sai na kusa su maƙale a jikinsa. Wanda ya maƙale nan take yake sauya kama: faifan ya kumbura, ya fitar da ƙafafu kamar gizo-gizo, ya zazzage abin da yake cikin 'yan jakunkunansa. Wannan zazzagewar yekuwa ce, kiran gayya. Na nesa su ji su taho, su ma su sauya kama, su riƙe juna da wani furotin mai suna fibirinojin, har su dunƙule su cike ɓarakar. Daga baya ne wata runduna ta daban, sinadaran daskarar da jini waɗanda hanta take ƙerawa, take saƙa ragar fibirin a kan dunƙulen don kada ruwa ya tafi da shi. A riƙe wannan bambancin, domin zai dawo: toshiyar farko aikin 'yan toshe ne, ragar da take biyo baya aikin sinadaran hanta ne.

Ita yekuwar tana da matakai a cikin cikin ɗan toshe. Saƙo yana shigowa daga waje, sai a buɗe rumbun kalsiyam. Kalsiyam ya tayar da wani enzayim, wato furotin mai hanzarta aiki a cikin ƙwaya, wanda shi aikinsa na almakashi ne, ya yanko wani kitse da ake kira arakidonik daga tantanin da ya lulluɓe ƙwayar. Wani enzayim kuma, wanda ake taƙaita sunansa da COX, ya karɓi wannan kitse ya fara sarrafa shi har ya zama turomboksen. Turomboksen shi ne mai shela: yana kiran sauran 'yan toshe, yana kuma matse jijiya. Ransa bai wuce kimanin daƙiƙa 30 ba, shi ya sa gayyar ba ta bazuwa ta game jiki. Masana a cibiyar Karolinska ta Suwidin ne suka gano shi a 1975. A nan asfirin yake aiki: yana lalata COX gaba ɗaya, kuma da yake ɗan toshe ba shi da cibiyar da zai ƙera sabo, haka zai ƙare kwanakinsa bebe.

Zobe da jela

Bitamin E kuwa ta hanyar haihuwa aka fara saninsa. A 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka lura ɓerayen da ake ba wani irin abinci suna ɗaukar ciki amma cikin yana lalacewa, sai an haɗa musu da latas ko alkama. A 1936 aka tace sinadarin daga man da yake zuciyar ƙwayar alkama, aka raɗa masa suna tokoferol, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar ɗaukar haihuwa. Shi ya sa har yau ake tallarsa ga masu neman haihuwa, ko da yake labarin ɓera daban, na mutum daban. Iri takwas ne: tokoferol huɗu, tokotirayinol huɗu. Hantar mutum tana da wani furotin da yake zaɓen guda ɗaya, alfa-tokoferol, ya tura shi cikin jini, sauran kuma a hanzarta farfasa su.

Siffarsa kamar talibambam: kai da jela. Jelar doguwa ce mai son mai, tana nutsewa a cikin kitsen tantanin ƙwaya ta kafe. Kan kuwa zobe biyu ne a manne, kuma a gefen ɗayan akwai ƙwayar haidurojin guda ɗaya da take sakwa-sakwa. Duk sirrin yana nan. A cikin jiki kullum ana samun wasu sinadarai masu giɓi, 'yan ƙwace, da suke fizge abin da suka rasa daga kitsen da yake kusa. Kitsen da aka yi wa ƙwace shi ma ya zama ɗan ƙwace, ya afka wa maƙwabcinsa, haka abin yake bin tantani kamar wutar daji. Irin lalacewar da take sa tsohon mai ya canja wari ke nan. Bitamin E yana tare hanya ya miƙa wa ɗan ƙwacen haidurojinsa, rikici ya mutu a nan.

Yanzu shi ne da giɓi, amma mai haƙuri ne, ba ya saurin afka wa kowa. Galibi bitamin C yana zuwa daga ɓangaren ruwa ya mayar masa da abin da ya bayar, ya koma bakin aiki. Idan ba a kawo ɗauki ba, aka sake fizgar wani abu daga jikinsa, to zobe na biyu sai ya ɓalle ya buɗe. Abin da ya rage shi ne zobe ɗaya mai ƙwayar oksijin biyu suna fuskantar juna, da jelar tana reto. Wannan siffa ana ce mata kwinon. Tokar da nake magana ke nan: tokoferil-kwinon, ko a taƙaice kwinon na bitamin E.

Abin da aka gani a kwalbar gwaji

Yadda ake auna ƙwazon 'yan toshe abu ne mai daɗin kallo, kuma Gustav Born ne ya ƙirƙiro dabarar a Ingila a 1962. Ana ɗibar jini a juya shi a inji a hankali, jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, a kwashe ruwan da ya rage a sama. Ruwan nan rawaya ne mai duhu-duhu kamar tsinkakken koko, saboda miliyoyin 'yan toshe da suke shawagi a ciki. A zuba shi a 'yar siririyar kwalba, a jefa wani ɗan ƙarfe mai juyawa a ƙasanta, a haska fitila ta gefe ɗaya, a sa ma'aunin haske a ɗaya gefen. Sai a ɗiga abin da zai tsokane su, kamar kolajin. Cikin 'yan mintuna za ka ga ruwan yana washewa, wasu 'yan fararen gudaji suna zagaye a ciki, alƙalamin na'ura kuma yana jan layi yana lanƙwasa gwargwadon hasken da ya ratsa. Idan an riga an zuba abin da yake hana su dunƙulewa, ruwan zai zauna da duhunsa, layin ya miƙe.

Da irin wannan gwajin Manfred Steiner da abokin aikinsa suka nuna a 1976 cewa bitamin E yana rage zazzage jakunkunan da 'yan toshe suke yi. Kowa ya ce ai dole. Sarrafa arakidonik zuwa turomboksen aikin oksijin ne, bitamin E kuma maganin ɓarnar oksijin ne, magana ta ƙare. Bayani ne mai tsabta, irin wanda ake so a aji.

A 1980 sai wasu masu bincike, Cox da Rao da Gerrard da James White, wanda ya yi suna a Jami'ar Minesota wajen nazarin 'yan toshe, suka wallafa abin da ya dagula wannan lissafin. Suka gwada kwinon, wato bitamin E da ya riga ya ba da duk abin da zai bayar. Da bayanin farko daidai ne, da bai kamata ya yi komai ba, domin harsashin da aka riga aka harba ne. Amma shi ya fi hana dunƙulewa da zazzagewa, ninki biyar zuwa goma, ko da wane irin abu aka tsokani ƙwayoyin.

Ƙananan bayanan wannan binciken sun fi babban adadin ban sha'awa a wurina. Da suka duba ƙwayoyin a na'urar ƙara girma, ba su ga wata ɓarna ba: siffarsu tana nan, kayan cikin jakunkunansu suna nan. Ashe ba guba ce ta kashe su ba. Da suka wanke ƙwayoyin kuwa, sai suka farfaɗo suka ci gaba da aiki. Wannan ya raba shi da asfirin, wanda in ya taɓa ɗan toshe ya taɓa ke nan. Sannan ba su ga alamar kwinon ɗin ya rikiɗa ya koma wani abu ba yayin da yake aikin. Yadda ya shiga haka ya zauna. Ma'ana ba bayarwa ko karɓar haidurojin ne yake kawo tasirin ba, zamansa a wurin ne, da siffarsa, da yadda ya cusa kansa cikin tantani.

Sai kuma wurin da ya tare. Bitamin ɗin da kwinon ɗinsa duka sun nuna alamar suna hana buɗe rumbun kalsiyam. Amma kwinon kaɗai ne ya hana a yanko arakidonik daga tantani, ya kuma ɗan taɓa COX kaɗan. In an kwatanta da masaƙa, asfirin yana karya injin ne, kwinon kuwa yana kulle ɗakin ajiyar zare. Injin lafiyarsa lau, abin saƙawa ne babu.

Bayan shekara 16 wata shaida ta zo ta wata ƙofar. Jane Freedman da John Keaney da abokansu a Jami'ar Boston suka cika 'yan toshe da alfa-tokoferol, suka cika wasu da BHT, wani sinadarin kanti da ake zubawa a abinci don kada mai ya lalace, wanda shi ma gwani ne wajen tare 'yan ƙwace. Masu tokoferol suka yi sanyi, masu BHT ko gezau. Da tare 'yan ƙwace ne dalili, da duka biyun sun yi sanyi. Suka bi sawu har suka kai ga wani enzayim mai isar da saƙo a cikin ƙwaya, PKC, wanda Angelo Azzi da mutanensa a Bern ta Suwizalan suka riga suka nuna tokoferol yana danne shi a ƙwayoyin bangon jijiya. Suka kuma ba wasu lafiyayyun mutane bitamin E, daga 400 zuwa 1,200 IU (ma'aunin ƙarfin bitamin da ake rubutawa a jikin roba), kullum har mako biyu, suka ga irin wannan sauyin a jininsu. Tun a 1989 ma ɗakin binciken Steiner ya nuna cewa masu shan bitamin E, 'yan toshensu suna rage maƙalewa sosai, kuma ƙafafun gizo-gizon nan suna fitowa gajeru, 'yan kaɗan.

Ni dai abin da na ɗauka daga nan shi ne laƙabin "mai kare jiki daga oksijin" ya rufe wa mutane ido shekara da shekaru. Sinadari ɗaya yana iya yin sana'a biyu da ba su da alaƙa, kuma a sha'anin jini sana'ar da ba a rubuta a jikin roba ba ita ce mai nauyi.

Ƙofa ta biyu: kama da bitamin K

Mu koma kan ragar fibirin. Huɗu daga cikin sinadaran daskarar da jini, masu lamba 2 da 7 da 9 da 10, ba sa aiki sai hanta ta yi musu wani ƙarin gyara na ƙarshe. Enzayim mai yin wannan gyara ba ya motsi sai da bitamin K. To shi bitamin K, wanda Henrik Dam na Denmak ya fara hango alamarsa a kaji a 1929, a siffarsa kwinon ne mai doguwar jela. Ka ajiye zanensa kusa da na kwinon na bitamin E, sai ka rantse 'yan gida ɗaya ne.

Kama da wane ba ta wane ba ce. Tun 1945 D. W. Woolley ya ba ɓeraye masu ciki kwinon na bitamin E, suka yi ta zubar da jini, kuma bitamin K ya hana hakan. Bayan shekara 50, a 1995, Paul Dowd da Zheng na Jami'ar Pittsburgh suka nuna dalili: kwinon ɗin yana danne wannan enzayim mai dogaro da bitamin K da ƙarfi, fiye da yadda asalin bitamin E yake yi nesa ba kusa ba. Makulli ne da ya shiga kwaɗo ya ƙi juyawa, ya kuma hana na gaskiya shiga.

A jikin mutum ma an ga inuwar wannan. A 1974 likitoci biyu, Corrigan da Marcus, suka ba da rahoton wani majiyyaci mai shan warfarin, maganin da yake tsinka jini ta hanyar hana jiki sabunta bitamin K. Ya haɗa da bitamin E mai yawa, har 1,200 IU a rana, sai jini ya riƙa taruwa masa a ƙarƙashin fata, gwaji ya nuna jininsa yana jinkirin daskarewa fiye da ƙima. Da ya daina bitamin ɗin abin ya daidaita. A 2004 Sarah Booth ta Jami'ar Tufts ta ba mutanen da ba sa shan maganin tsinka jini 1,000 IU kullum tsawon mako 12, sai adadin sinadari mai lamba 2 da ya fito daga hanta ba tare da an kammala gyaransa ba ya ƙaru. Adalci ya sa a faɗi cewa wani ƙaramin gwaji na 1996 a kan masu shan warfarin 21 bai ga wani sauyi a ma'aunin jininsu ba. Ba kowa abin yake kamawa ba, ya fi samun wanda dama bitamin K ɗinsa yana bakin gaɓa.

Ke nan toka ɗaya tana iya taɓa toshiyar farko, ta kuma taɓa ragar da take biyo baya. Magungunan asibiti galibi ɗaya suke zaɓa: asfirin na 'yan toshe, warfarin na raga.

Kwalba daban, jiki daban

A nan ya kamata a ja birki, don kada wani ya karanta rabi ya tafi yana cewa an gano sabon maganin tsinka jini. Adadin kwinon da ake zubawa a kwalbar gwaji ya zarce wanda yake yawo a jinin mutum. A jini ɗan mitsitsi ne in an kwatanta da tokoferol kansa. Jiki kuma ba ya barinsa ya zauna: akwai enzayim mai suna NQO1 da yake mayar masa da haidurojin biyu ya zama haidurokwinon, wanda abin mamaki shi ma yana tare 'yan ƙwace, hanta kuma tana ɗaure wani kaso ta fitar ta bayan gida da fitsari. Kwinon na nau'in gama da delta kuwa, wato 'yan uwan alfa-tokoferol, wata dabba ce daban. Zobensu yana da gurbi a buɗe, yana cafke furotin ya manne, shi ya sa yake da guba ga ƙwayoyin halitta a gwaji, alhali na alfa, da zobensa yake cike, ba ya yin haka.

Akwai kuma wata ƙonewar da ba 'yan ƙwace suke yi ba, hanta ce take yi da gangan. Idan bitamin E ya yi yawa, wani enzayim mai suna CYP4F2 yana kama shi ta ƙarshen jela ya sa mata oksijin, sannan a riƙa datse jelar kaɗan-kaɗan har ta gajarce ta narke a ruwa ta fita ta fitsari. A wannan hanyar zoben yana nan a rufe, jela ce take ƙonewa. Qing Jiang ta Jami'ar Purdue ta nuna a 2008 cewa ragowar farko-farko, masu jela doguwa da asid a ƙarshenta, suna danne COX, wato injin da asfirin yake karyawa. Kuma shi CYP4F2 ɗin shi ne dai yake farfasa bitamin K. 'Yan gida ɗayan nan har a mahauta layi ɗaya suke bi.

Wani abin da ya ba ni dariya da na fara jinsa: masu binciken waɗannan ragowar a Jamus, da suka nemi inda za su samu irin wannan sinadari da yawa, sai suka dawo kan namijin goro. A cikin ƙwayarsa akwai wani asid, garsinoyik, wanda a siffa tokotirayinol ne na delta da jelarsa ta riga ta ƙone. Daga shi suke haɗa sauran a ɗakin gwaji. Wannan bayani ne game da abin da yake cikin ƙwayar, ba hujja ce ta cewa mai tauna namijin goro yana tsinka jininsa ba.

To idan aka bar kwalba aka dubi dubban mutane, me ya fito? A Finlan an ba maza masu shan sigari 29,133 ko dai miligiram 50 na alfa-tokoferol kullum ko babu, aka fitar da sakamako a 1994. Waɗanda fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa ta kashe sun kai 66 a cikin masu shan bitamin, 44 a cikin waɗanda ba sa sha. A wani reshe na binciken, likitocin haƙori suka ga dasashin masu haɗa bitamin E da asfirin ya fi saurin fitar da jini in an taɓa. A Amurka an bi likitoci maza 14,641, wasu suna shan 400 IU rana ɗaya a tsallake ɗaya. A sakamakon 2008, mutum 39 suka samu fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa a ɓangaren bitamin, 23 a ɗaya ɓangaren. A gefe guda kuma, cikin mata 39,876 da aka bi kimanin shekara goma, masu shan 600 IU rana ɗaya a tsallake ɗaya sun samu raguwar gudan jini a jijiyoyin ƙafa da huhu da kashi 21 cikin ɗari.

A 2010 Markus Schürks da abokansa suka tattara gwaje-gwaje tara masu mutane sama da 118,000. Shanyewar jiki ta toshewar jijiya ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, ta fashewar jijiya ta ƙaru da kashi 22. Toshewa ta fi yawa a cikin jama'a, fashewa kuma ta fi kisa, shi ya sa marubutan suka yi kashedi a kan shan bitamin ɗin barkatai. Waɗannan gwaje-gwaje ba su auna kwinon ba, don haka ba za a ɗora masa alhakin shi kaɗai ba. Amma alƙiblar ɗaya ce da abin da aka gani a kwalba: gudaji sun ragu, zubar jini ta ƙaru. Ciwon zuciya kuwa, wanda saboda shi aka yi ta rububin bitamin E bayan wani gwaji na Kambirij a 1996 ya ba da fata, manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ga ya ragu ba.

Sauran magana ta adadi ce. Abin da babban mutum yake buƙata a rana miligiram 15 ne. Kafso ɗaya na 400 IU, in na asali ne ba haɗin kamfani ba, miligiram 268 ne, kusan ninki 18. Kafin ka samu wannan daga gyaɗa sai ka ci fiye da kilo uku a rana. Na taɓa tsayawa a wani kemis wata baiwar Allah ta nemi "na gyaran fata", yaron shago ya miƙo mata na 1,000 IU, bai tambaye ta ko tana shan wani magani ba, ita ma ba ta ga dalilin faɗa ba. Ai bitamin ne. Hukumar Amurka da ta tsara iyaka a 2000 ta tsayar da miligiram 1,000 a rana, kuma haɗarin zubar jini ne ma'aunin da ta yi amfani da shi. Ta Turai ta tsaya a 300.

Man gyaɗa, manja mai yawan tokotirayinol, riɗi, ganyaye, babu wanda zai kai mutum kusa da wannan iyaka. Man suya da ake maimaitawa, irin na kaskon ƙosai da ya kwana uku yana shan wuta har ya yi duhu yana kumfa, tokoferol ɗinsa yana ƙonewa ya koma kwinon da danginsa. Amma abin da yake cikin man tun asali kaɗan ne, kuma illar irin wannan man tana wajen lalataccen kitsen da ya rasa mai gadi.

Waɗanda lissafin ya shafa kai tsaye su ne mai shan asfirin ko kulofidogirel (wani maganin hana 'yan toshe dunƙulewa) bayan ciwon zuciya, mai shan warfarin saboda an sauya masa murfin zuciya ko ya taɓa samun gudan jini, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon hanta, mai yawan haɓo, da wanda aka sa wa ranar tiyata ko cire haƙori. Shi ya sa likitocin tiyata da yawa suke cewa a ajiye manyan kafso na bitamin E kimanin mako biyu kafin aiki. A kwalba wanki ɗaya yake raba ɗan toshe da kwinon, amma a jiki bitamin E mai ne, yana kwance a kitse da tantanin ƙwayoyi, kuma ba ya fita rana ɗaya don an daina haɗiyarsa.